Tsohuwar Motar Turbo a Hanyar Agyaragu: Arahar Saye da Tsadar Riƙo

Duk wanda ya baro garin Lafiya ya nufi Makurdi, kafin ya yi nisa zai ratsa Agyaragu, garin da doya ta yi wa suna a Jihar Nasarawa. Shekaru da dama direbobi na tsoron wannan hanya saboda ƙuncinta da ramukanta da yawan manyan motoci, har aka ba kamfanin China Harbour aikin mayar da ita tagwaye tun daga Keffi, ta Akwanga da Lafiya, zuwa Makurdi, tafiyar fiye da kilomita 200, aka kuma fara karɓar kuɗin bin ta a watan Fabrairun 2025. Sabuwar kwalta tana da nata kwaɗayin. Matashin da ya samu abin hannu, ko daga cinikin doya da riɗi ko daga aikin ofis, idan ya ga titi a shimfiɗe ba rami, sai zuciyarsa ta fara raya masa motar da za ta nuna bajinta a kai. Ya duba wayarsa kuma ya ga an sa tsohuwar BMW 335i ko Golf GTI ko Mercedes C250 a kasuwa, a kuɗin da wani lokaci bai wuce na Corolla sa'arta ba. Tambayar da ya kamata ya yi wa kansa, wadda ba kasafai ake yi ba, ita ce: me ya sa motar da ta fi Corolla tsada nesa ba kusa ba ranar da ta fito daga kamfani, yau ta sauko ta tarar da ita?

Amsar tana manne a gefen injin, cikin wata na'ura da ba ta fi ƙaramar ƙwarya girma ba, wadda ake kira turbo. Kasuwar tsofaffin motoci ba ta yi wa kowa kyauta. Idan ta karya farashin abu, ta riga ta lissafa abin da mai shi na gaba zai kashe. Sai dai ra'ayina ya bambanta da hukuncin da aka saba yankewa a gareji, inda akan ce turbo bai dace da ƙasarmu ba, a tashi daga maganar. A ganina ranarmu da ƙurarmu ba su ne manyan masu laifi ba, ƙirar motar ma laifinta kaɗan ne. Abin da ke kashe waɗannan motoci shi ne tsarin kula da mota da muka gada tun zamanin Fijo 504, tsarin da ya yi mana rana a lokacinsa amma injin turbo ba ya ɗaukarsa. Maganar kuma ta wuce ta saurayi mai son gudu, domin nan da 'yan shekaru motar ɗan kasuwa da ta malamin makaranta ma da turbo za su iso.

Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona fetur da iska, kuma yawan fetur ɗin da zai iya ƙonawa ya dogara ga yawan iskar da ta shiga silinda. Injin da muka saba da shi da kansa yake zuƙar iska, kamar yadda mutum ke shaƙa. Shi kuwa turbo zuga-zugi ne irin na maƙeri, sai dai ba hannu ke buga shi ba. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa shi ke juya wata 'yar farfela, ita kuma sanda ɗaya ta haɗa ta da wata farfelar da ke danna iska cikin injin da ƙarfi. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi rajistar dabarar a 1905, ta daɗe tana aiki a jiragen ruwa da na sama da manyan injinan gas kafin ta shigo ƙananan motoci a Amurka a 1962. Porsche 911 Turbo ta 1975 da Saab 99 Turbo ta 1978 su suka sa sunan a bakin masu sha'awar mota, daga baya Japan ta biyo da Subaru Impreza WRX da Mitsubishi Lancer Evolution a 1992. Ribar abin a fili take. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, mai injin lita biyu, ƙarfinta bai kai doki 100 ba, alhali Golf GTI ta 2004, ita ma lita biyu, doki 200 gare ta. To amma wutar da ta ninka ƙarfin ita ce ta ƙara zafi da matsi a kan fistin da zobba da bawul, kuma farfelar kanta tana juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, a cikin hayaƙin da zafinsa kan kai digiri 900 idan an take mota sosai.

Sandar da ke wannan juyi ba a kan ƙarfe take kwance ba. A kan ɗan siririn baƙin mai take shawagi, kuma man nan shi ke kwashe mata zafi. Nan ne al'adarmu ta fara saɓa wa buƙatarta. A yawancin garejinmu man juye iri ɗaya ne ga kowace mota, mai kauri, 20W-50, bisa imanin cewa ƙasa mai zafi sai mai kauri. Ga 504 da Golf 3 wannan bai cika cutarwa ba, domin a kan irin wannan man aka saba da su kuma ba su da wani sashe mai zafin turbo. Injin turbo na shekaru ashirin ɗin nan kuwa an ƙera shi da ƙananan hanyoyin mai, kamfani ya rubuta masa man sintetik mai tsinkewa irin 5W-30 ko 5W-40, wanda ke isa ga sandar da zarar an tayar da mota, kuma ba ya saurin dahuwa. Idan aka zuba masa wanda bai dace ba, ko na jabu da aka sake ɗurawa a galan mai suna, ko aka bar juye ya wuce lokacinsa don galan ya yi tsada, sai man ya ƙone ya zama baƙar dauɗa mai kama da kwalta, ta toshe siririn bututun da ke shayar da turbo. Ran farko ba a jin komai. Bayan 'yan watanni sai a fara jin kuka kamar na jiniya daga gaban mota, sai shuɗin hayaƙi daga salansa, sai mai ya riƙa raguwa ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba. Wannan ciwo ba a Najeriya ya fara ba. Injin 1.8 mai turbo na Passat da Audi A4 ya yi ƙaurin suna da daskarewar mai a Amurka, har kamfanin ya tsawaita garantinsa a 2004 ya kuma nanata amfani da man sintetik. Idan sakaci da juye ya yi wannan ɓarna a ƙasar da man jabu ba shi da yawa, me zai yi a inda mai saye ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin galan?

Akwai kuma wata ɗabi'a da hanya irin ta Agyaragu ke jawowa. Mutum ya taso daga Makurdi a guje, ya iso bakin kasuwa, doya ta burge shi, ya gangara gefe ya kashe mota nan take. A wannan lokaci turbo na kan ganiyar zafinsa, famfon mai kuma ya tsaya tare da injin, sai ɗan man da ya rage a jikin sandar ya soye a inda yake. Tsofaffin direbobin manyan motoci sun daɗe da sanin haka, shi ya sa za ka ga sun bar mota a silo na 'yan mintuna kafin su kashe. An sa wa wasu ƙananan motoci ɗan famfon ruwa na lantarki da ke ci gaba da zagaya ruwa bayan an kashe inji, amma a motar da ta shekara goma sha biyar, wa ya duba ko famfon yana da rai? Sassauta ƙafa a kilomita biyun ƙarshe, da barin inji ya huta minti ɗaya ko biyu, ba ya cin ko sisi, kuma yana iya ƙara wa turbo shekaru.

Sai maganar ruwa. Da mota ta sauka daga jirgi, shawarar farko da mai ita kan samu ita ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasar sanyi aka yi su. Daga nan sai a zubar da ruwan kulan da ta zo da shi a cika lagireto da ruwan rijiya ko na burtsatse. An tsara injin ne ya yi aiki a zafin da ya kusanci digiri 90. Idan ba tamostat, da safiyar hunturu ko a buɗaɗɗen titi injin ba ya kai wannan zafin, ƙwaƙwalwar motar sai ta ɗauka har yanzu ɗumi yake yi, ta ci gaba da ƙara masa fetur. Rarar fetur ɗin ta wanke bangon silinda ta gangara cikin baƙin mai ta tsinka shi, kuma man nan shi ne abincin turbo. Ruwan rijiya kuma yana barin tsatsa da ƙanzo a hanyoyin ruwa har su ƙuntata. Ga motocin Jamus na wancan zamani yawancin mahaɗan ruwansu na roba ne, da sun tsufa sai su tsage ba sallama, kuma kan injin na alminiyam ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi. Ƙura ma ba a bar ta a baya ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska cike take da hazo, hanyoyin ƙauyukan da doya ke fitowa kuma jar ƙasa ce. Filtar iskar da aka kai wa mai faci ya hure ta da iska mai ƙarfi sau biyar maimakon a canza ta, ta riga ta yi ƙananan ɓuloli, kuma ƙwayar yashi ga farfelar da ke juyi irin wannan tamkar dutsen wasa wuƙa ce.

Fetur shi ne abin da mai mota ba shi da iko a kansa sosai. A Turai famfon gidan mai yana ɗauke da lamba, 95 ko 98, wadda ke nuna yadda fetur ke jure matsi kafin ya kama da wuta da kansa, kuma motocin gudu masu turbo manyan lambobin aka rubuta wa akasarinsu. A nan fetur iri ɗaya ne a kowane famfo, ba lamba a jikinsa, ba zaɓi. Idan fetur bai jure matsi ba, yakan fashe a cikin silinda ba bisa ƙa'ida ba, ya riƙa dukan fistin kamar guduma. Akwai sansa da ke jin wannan ƙwanƙwasa ya sanar da ƙwaƙwalwar motar ta rage ƙarfi don ta ceci injin, wato mai mota ya biya kuɗin doki 300 yana hawan abin da bai kai haka ba. Idan kuma sansan ya mutu, ko wani rewaya ya yanke wayarsa don ya kashe fitilar gargaɗi da ke damun mai gida, ba abin da ya rage tsakanin fistin da tsagewa. Mutane ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, ya lalata motoci ya kuma jawo dogayen layuka a faɗin ƙasa. Famfon fetur mai matsi na irin waɗannan injina abu ne mai laushin hali ko a ƙasarsu: a 2010 kamfanin BMW ya janye motoci kusan 130,000 a Amurka saboda shi, ciki har da 335i. Wanda ya ɗura wa irin wannan famfo fetur ɗin 'yan bumburutu daga jarkar da ba a san me ta ɗauka jiya ba, shi ya san abin da ya saya. Matatar Dangote da ta fara fitar da fetur a Satumbar 2024 tana iya kawo daidaito a inganci, amma ba ta da hannu a abin da ke faruwa tsakanin tankar dako da tankin mota. Ga kuma farashi: kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Masu sayarwa kan ce turbo ba ya shan mai. Gaskiya ne muddin ƙafa na tafiya a hankali, sai dai ba don tafiya a hankali ake sayen motar gudu ba, kuma da an take ta, ƙarin iska sai da ƙarin fetur.

Duk wannan a kan motar da ta zo da lafiyarta ne, kuma kaɗan ne suke zuwa haka. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 sun nufo Afirka, Najeriya kuma na cikin manyan masu karɓa. Da yawan irin waɗannan motoci da muke kira 'yan Beljiyam, musamman masu fitowa daga Amurka, daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta ci ake sayo su. Motar gudu kuwa tana da tarihi na musamman: mai ita na farko ya kula da ita, na biyu ya more ta, na uku matashi ne da ya taɓa ƙwaƙwalwarta don ya ƙara mata ƙarfi, ya sayar da ita da ya fara jin ƙara. Fenti da kujerun fata ba sa ba da wannan labari, shi ya sa ake yawan yi wa rogo kallon kitse. Ranar da ta tsaya kuma sai a gane nisan Agyaragu. Kayan Corolla da Sharon da Golf 3 ana samunsu a Lafiya kafin la'asar. Turbon BMW ko famfonta sai an aika Apo a Abuja, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, abin da za a turo kuma galibi na hannu ne, sa'an wanda ya mutu. Sabo sai da dala, dalar da ta tashi daga kusan naira 460 a farkon watan Yunin 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024.

Wani zai ce ai duk wannan hujja ce ga masu cewa turbo bai dace da ƙasarmu ba. Amsar tana tsaye a bakin kasuwar Agyaragu. Tirelolin DAF da MAN da HOWO da ke ɗaukar doya, da masu jigilar siminti daga Gboko, da tankokin mai, kusan dukkansu injin gas mai turbo ne da su, haka Hilux mai shan gas. Rana ɗaya ke dukansu, ƙura ɗaya suke shaƙa, suna kuma cin dubban ɗaruruwan kilomita a kan waɗannan hanyoyi. Na yarda hayaƙin gas bai kai na fetur zafi ba, kuma an ƙera babbar mota da ƙarfe mai jure wahala. Duk da haka babban bambancin yana wajen riƙo. Mai tirela ya san idan ta kwana a gareji cinikin ranar ya tafi, don haka juye yana da rana, filta tana da lokaci, direba da yaron mota suna duba mai da ruwa kowace safiya kafin a tayar, kuma akwai kanikawan da suka ƙware a kan wannan inji kaɗai. Inda aka bi ƙa'ida, turbo yana rayuwa a ƙasar nan lafiya lau.

Akwai masu ganin gajeriyar hanya ita ce a cire turbon a toshe bututunsa. Wannan magani ya fi ciwon muni. An rage matsin cikin silinda tun daga kamfani don a ba iskar turbo wuri, an kuma rubuta lissafin ƙwaƙwalwar a kan haka. Idan aka cire shi sai a samu motar da Corolla ke wucewa a hawa, ga shan mai, ga fitilun gargaɗi a kunne. Wasu kuma sukan sauke injin gaba ɗaya su ɗora na Toyota. Motar takan tashi ta yi tafiya, amma abin da aka biya kuɗi dominsa ya riga ya tafi, saura gangar jiki.

Ba na cikin masu ɗora wa kanikawa laifin duka. Mutanen da suka riƙe 504 da J5 a kan hanya shekaru talatin da sifana da basira da kayan gwangwan ba jahilai ba ne. Sun koyi sana'a a hannun iyayen gidansu a kan injin kafireto, inda kunne da hannu suka wadatar, ba wanda ya zo ya koya musu injin da kwamfuta ke tuƙawa, kuma na'urar binciken da ke karanta ainihin bayanan BMW ko Volkswagen ta fi ƙarfin aljihun yawancinsu. Sau nawa ne bakanike zai ce, "Alhaji, wannan motar sintetik take so," mai mota ya ce a zuba na kullum, ai duk mai ne? Sau nawa ake ƙin biyan kuɗin bincike a ce a fara canza wani abu a gani? Mai motar da ya ƙi sayen man da ya dace, ya ƙi kuɗin na'ura, ya zaɓi kayan da suka fi araha, shi ne farkon wanda zai ce an lalata masa mota. Inda laifin bakanike yake shi ne ƙin faɗin "ban san wannan ba". Da za a riƙa faɗin wannan kalma, da motoci da yawa sun tsira.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa a guje wa turbo gaba ɗaya, a sayi Corolla ko Camry a huta. Ga mai mota ɗaya tilo, wadda da ita zai kai yara makaranta ya kai mara lafiya asibiti a Lafiya, wannan shawara daidai ce, kuma ita zan ba shi. Amma shawara ce mai wa'adi. Dokokin rage hayaƙi da shan mai a Turai da Amurka sun tilasta wa kamfanoni rage girman inji su cike giɓin da turbo. Ford ya fito da injinan EcoBoost a 2009. Hyundai Sonata ta 2011 ta ajiye injin silinda shida ta ɗauki lita biyu mai turbo. Honda Civic ta 2016 ta zo da lita ɗaya da rabi mai turbo, Accord ta 2018 ta bi sahu. Toyota da muke fakewa da ita ma ta juya: Land Cruiser 300 ta 2021 ta bar silinda takwas ta koma shida da turbo biyu, Highlander da Lexus RX na 2023 sun koma silinda huɗu da turbo. Mu kuma abin da suka hau shekaru goma da suka wuce shi muke saye yau, dokar kwastam ma ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, don haka ba za a yi ta kawo tsoffin ƙira har abada ba. Tsohuwar motar gudun da ke kwance a gareji an lulluɓe ta da tamfol, ita ce ta riga sauran isowa ta gwada tsarinmu, ta kuma nuna inda yake yoyo. Idan ba a gyara ba, abin da ya same ta shi zai sami motar haya da ta iyali, a lokacin kuma asarar ba ta mai sha'awa ɗaya ba ce.

Saura mai cewa dukiyarsa ce, sha'awarsa ce. Ban ga aibu a sha'awar ba. Al'ummar da ta san darajar doki, ta san mutum na iya ciyar da dabbar da ba ta noma ba ta dako don kawai yana son ta, ba za ta kasa fahimtar mai son inji mai kyau ba. Sai dai duk wanda ya taɓa ɗaure doki a gida ya san kuɗin saye shi ne mafi sauƙi, dawa da harawa da kanwa da ɗan kula da shi su ne hawan. Kuma haƙƙin mai dukiya yana ƙarewa inda ran wani ya fara. Motar da aka ƙera ta kai kilomita 250 a sa'a an yi ta ne da tunanin titin da aka killace, ba mai tsallakawa. Titin Agyaragu ta tsakiyar jama'a ya bi: 'yan acaɓa ɗauke da doya, Keke Napep, mata da kaya a ka, yara masu talla, shanu a wasu wuraren. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 100 a tagwayen babban titi, 50 a cikin gari. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkuwa huɗu yake yi, wannan kuma da sabuwar taya da birki mai kyau ke nan. Yawancin masu waɗannan motoci kuɗinsu kan ƙare a inji, sai su sa tayar hannu da ta daɗe da wuce wa'adinta. Inji mai doki 300 a kan irin wannan taya haɗari ne ga duk wanda ke bakin hanya.

To wa ya cancanci ya riƙe irin wannan mota a wuri kamar Agyaragu? Wanda yake da wata motar ta yau da kullum, wanda zai iya ajiye kuɗin gyara mai kauri a gefe tun ranar saye ba tare da ya taɓa abincin gida ko jarin kasuwa ba, wanda zai karanta littafin motarsa ya san lambar baƙin man da take buƙata. Kafin ya biya, ya tayar da ita da sanyin safiya ya ga kalar hayaƙinta, ya sa a gwada matsin silinda, a ɗora mata na'ura, a cire bututun iska a duba ko mai ya taru a ciki ko sandar turbo tana girgiza. Bayan saye ya mayar da tamostat idan an cire, ya zuba ruwan kula na gaskiya, ya yi juye kusan kowace kilomita 5,000 da man da ya sayo daga dila sananne, ya tsaya a gidan mai ɗaya da ya yarda da shi, ya bar ƙwaƙwalwar motar yadda kamfani ya tsara ta. Mai irin wannan haƙuri zai iya morar motarsa shekaru. Sai dai irinsa kaɗan ne cikin masu saye, domin abin da ya jawo yawancinsu tun farko shi ne arahar.

Babban aikin yana wuyan hukumomi da ƙungiyoyi. Ƙungiyar kanikawa ta NATA a Jihar Nasarawa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai da ke Lafiya, da hukumar NADDC mai kula da bunƙasa masana'antar motoci, ya kamata su haɗa hannu su shirya gajerun kwasa-kwasai cikin Hausa da sauran harsunan yankin ga kanikawan da ke bakin aiki, a kan injin turbo da karanta na'urar bincike, a kuma samar da na'urorin da 'yan gareji ɗaya za su riƙa amfani da su tare. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta matsa wa masu haɗa man jabu lamba har cikin ƙananan garuruwa, hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar man fetur kuma ta sa a riƙa bayyana lambar ingancin fetur a jikin famfo don mai saye ya san abin da yake ɗurawa. Kai kuma ɗan'uwa da motar ta shiga ranka, kafin ka nemi kuɗinta ka fara nemo bakaniken da zai riƙe maka ita. Idan ba ka same shi tsakanin Agyaragu da Lafiya ba, ka bar ta inda ka gan ta.